Yoyon Tankunan Gidajen Mai: Bashin Da Ke Binne A Ƙarƙashin Ƙasa

JALINGO — A ranar 27 ga watan Agusta na 1991 ne gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba tsohuwar Jihar Gongola gida biyu, ta ƙirƙiro Jihar Taraba, aka kuma mai da Jalingo, mazaunin Sarkin Muri, babban birninta. Tun daga wannan lokaci garin yake ta buɗewa, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, motoci suka ƙaru, gidajen mai kuwa suka jeru a kan hanyar Wukari da ta Yola da kuma manyan titunan cikin gari. Abin da masu wannan sana'a ba su cika kawowa a rai ba shi ne, duk wani tankin ƙarfe da aka binne a shekarun farko na jihar, in dai ba a sauya shi ba, yanzu ya haura shekara 30 a cikin ƙasa. Shekara 30 ɗin nan kuwa ita ce iyakar lamunin da masu ƙera irin waɗannan tankuna a ƙasashen waje suka saba bayarwa.

Tanki ba ya fashewa rana ɗaya. Tsatsa ce take cinsa sannu a hankali, daga waje ta hanyar damshin ƙasa, daga ciki kuma ta hanyar ruwan da yake kwantawa a gindinsa, domin ruwa ya fi mai nauyi. Sau da yawa ma ba jikin tankin ne yake fara yoyo ba, sai dai mahaɗar bututun da yake kai mai zuwa famfo, ko kuma bakin da tankar mai take juye kayanta, inda ɗan abin da ya malala a kowace saukewa yake nutsewa ba tare da kowa ya kula ba.

Ga lissafi mai sauƙi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta shar'anta cewa na'urar gano yoyo ta wata-wata dole ne ta iya kama ɗigon da ya kai kashi biyu cikin goma na galan a awa guda, watau abin da bai cika lita ɗaya ba. Wannan ɗan ɗigo, idan aka bar shi, ya kai lita 18 a rana, kimanin lita 6,600 a shekara. A ƙaddara lita tana naira 900, misali kawai, to mai gidan mai ya binne kusan naira miliyan 6 a cikin ƙasa ke nan a shekara guda. Amma a gidan man da yake sayar da dubban litoci kowace rana, lita 18 ba ta fitowa fili a littafi. Ana jingina ta ga zafin rana da ke sa fetur ya tsere ta iska, ko ga direban tanka, ko kuma, abin da ya fi yawa, ga yaran famfo, a yanke musu a albashi alhali kuwa ɓarawon yana ƙarƙashin ƙafafunsu.

Asarar man ita ce ƙarama. Babbar tana cikin ruwa. Fetur yana ɗauke da wani sinadari mai suna benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce maikrogiram 10 a kowace litar ruwan sha, watau giram ɗaya tak a cikin lita 100,000. Idan aka ɗauka benzin kashi 1 cikin 100 ne na fetur, wanda shi ne iyakar da Tarayyar Turai ta sa tun shekarar 2000, to lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da benzin da zai iya fitar da ruwa kusan lita 900,000 daga sahun abin sha. Mai karatu ya riƙe wannan, sa'an nan ya koma ga lita 6,600 da muka lissafa a baya.

Yanayin ƙasar Jalingo

Dalilin da ya sa maganar ta shafi Jalingo musamman shi ne irin ƙasar da garin yake zaune a kai. A ƙarƙashinsa tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ake gani ya ɓullo a tsaunukan da ke kewaye. Ruwan da ake samu a irin wannan wuri yana zaune ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, da kuma cikin tsage-tsagen da ke ƙasansa. Saboda haka rijiyoyin gida ba su da zurfi sosai, musamman a unguwannin da ke kusa da Mayo Gwoi da kogin Lamurde, kuma tazarar da ke tsakanin gindin tanki da saman ruwa 'yar kaɗan ce, da damina ma takan ɓace ɗungum. Jama'a da yawa kuwa, duk da ruwan famfo na gwamnati, da rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa suka dogara. Haka nan masu otal, da masu gidan burodi, da masu ɗura ruwan leda.

Man da ya tsere daga tanki yakan gangara har ya tarar da ruwa, ya kwanta a kansa kamar yadda man gyaɗa yake kwanciya a kan miya. Daga nan sai ya kasu uku: wani yana yawo a saman ruwa, wani ya narke a ciki yana bin inda ruwan ya nufa, wani kuma ya maƙale a jikin ƙasa. Da damina ruwan ƙasa ya taso, sai ya ɗaga man sama. Da rani ya ja baya, sai ya bar shi shafe a jikin ƙasar da ya bari. Kowace shekara ana maimaita wannan, har a sami faffaɗan ɓangare na ƙasa da ya jiƙe da mai, wanda zai ci gaba da shayar da ruwa guba ko da an daɗe da ɗauke tankin. Wannan ne ya sa rijiya takan yi wari a farkon damina, warin ya lafa, mutane su ɗauka an rabu, sai baɗi ya dawo. Idan kuwa man ya sami tsagar dutse ya shige, to ya shiga inda babu shebur ko katafilar da za ta bi shi, kuma yana iya ɓulla a rijiyar da take nesa ya tsallake ta kusa.

Akwai kuma maganar ambaliya, wadda mutanen Jalingo ba sa bukatar a tuna musu da ita tun bayan ta watan Agusta na 2005 da ta karya gadar Nukkai. Tankin da babu mai a ciki tamkar kwalekwale yake. Idan ruwa ya cika ramin da yake ciki, kuma ba a ɗaure shi da kankare ba, yakan taso ya tsinka bututunsa.

Abin da ya faru a wasu wurare

Nijeriya ta riga ta ga abin da tataccen mai yake yi wa ruwan ƙasa. A unguwar Baruwa da ke yankin Ipaja a Legas, tun tsakiyar shekarun 1990 mazauna suka fara jawo fetur a guga daga rijiyoyinsu, sakamakon yoyon bututun kamfanin NNPC da ya ratsa unguwar. Rijiyoyi masu yawa suka tashi daga aiki, magidanta suka koma sayen ruwa, kuma bayan shekara 20 masana daga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure suna can suna gwajin hanyoyin zuƙe man. A yankin Ogoni na Jihar Ribas kuwa, rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Agusta na 2011 ya nuna cewa a Nisisioken Ogale an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan da rijiyoyin garin suke sha, benzin ɗin da ke cikin ruwan kuma ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Rahoton ya ƙiyasta cewa gyaran yankin baki ɗaya zai ci shekara 25 zuwa 30, ya kuma nemi dala biliyan 1 domin shekaru biyar na farko kaɗai. Gaskiya ne waɗannan biyun daga bututu suka fito, ba daga tankin gidan mai ba, amma ƙasa ba ta tambayar mai daga ina ya zo.

Inda aka fi sanin matsalar tankunan kansu shi ne Amurka. A can an binne dubban ɗaruruwan tankunan ƙarfe tsirara a shekarun 1950 da 1960, suka kuma fara yoyo kusan a lokaci guda. A 1984 majalisar dokokin ƙasar ta shigar da tankunan ƙarƙashin ƙasa cikin doka, a 1988 aka fitar da ƙa'idoji, aka ba masu gidajen mai wa'adin shekara goma, zuwa 22 ga Disamba na 1998, su gyara tankunansu ko su sauya ko su rufe. Daga lokacin zuwa yau an tabbatar da yoyo a wurare fiye da rabin miliyan. Birnin Santa Monika a Jihar Kalifoniya ya rufe rijiyoyin da suke ba shi kusan rabin ruwansa a 1996, saboda wani sinadarin fetur mai suna MTBE da ya tsiyayo daga tankunan gidajen mai, rijiyoyin ba su koma aiki ba sai 2010.

Yadda ake gyara

Duk hanyoyin gyara suna farawa ne da abu guda: a tsai da yoyon. A zuƙe man da ya rage, a fitar da tururin da ke cikin tankin kafin wani mai walda ya matso kusa da shi, sa'an nan a tono shi. Bayan haka sai a auna iyakar ɓarnar, ta hanyar haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji kewaye da wurin da aika samfurin ƙasa da na ruwa ɗakin bincike. Masu gidajen mai sukan so tsallake wannan mataki domin kuɗi ne ake kashewa ba a ga an kwashe komai ba. Kuskure ne. Wanda bai san inda man ya nufa ba, zai yi ta tono a gabas alhali rijiyar maƙwabci tana yamma.

Idan an farga da wuri, man bai kai ga ruwa ba, aikin na katafila ne da tifa. A kwashe gurɓatacciyar ƙasar, a kai ta fili na musamman da aka shimfiɗa wa leda mai kauri, a baza ta, a gauraya da taki, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani waɗanda suke cin mai su mai da shi iska da ruwa, abin da suke bukata kawai shi ne iska da damshi da abinci. A nan Taraba tana da sa'a biyu, zafin da yake hanzarta aikin waɗannan halittu, da kashin shanu da na kaji da ba a rasawa. Cikin 'yan watanni ƙasar takan warke, gwargwadon yawan man da ta sha. Sai dai a kiyaye: wannan dabara ta ƙasar da aka tono ce aka baza. Rahoton Ogoni ya soki kamfanonin da suke kaftar saman ƙasa kawai su zuba taki su ce sun gama, alhali man ya nutse fiye da mita biyar.

Inda ba za a iya tono ba, ƙarƙashin ginin ofis ko kwalta, akan kafa bututu masu huji a cikin ƙasa a haɗa su da injin zuƙo iska. Fetur yana saurin zama tururi, don haka injin yakan jawo shi waje. Akan kuma hura iska cikin ruwan ƙasa domin ta kwaso narkakken man zuwa sama, a zuƙe shi. Wannan hanya tana yi wa fetur kyau, amma ba ta cika kama man gas da kananzir ba, domin su ba sa tashi da sauƙi. Tana kuma son ƙasa mai rairayi. A laka mai danƙo iska ba ta ratsawa.

Idan man ya riga ya kwanta a kan ruwa, to an shiga doguwar tafiya. Da farko a yi ta yaɗe na saman ta rijiyoyin da aka haƙa don haka. Sa'an nan a riƙa jawo ruwan da famfo, a bi da shi ta cikin gawayin tacewa ko hasumiyar da take kaɗa shi da iska, a mayar. Wannan ita ce hanya mafi cin kuɗi, kuma abin da aka gani a Amurka shi ne ta fi amfani wajen hana gubar yaɗuwa bisa ga kawar da ita. Dalili kuwa shi ne man da ya maƙale a ƙasa yana ci gaba da narkewa kaɗan-kaɗan, da an kashe famfo sai awo ya sake hawa. A garin da za a tayar da janareta domin juya wannan famfo dare da rana na tsawon shekaru, kuɗin man gas kaɗai yana iya zarce darajar gidan man. A ƙarshe, bayan an cire tushen, akan bar sauran ga waɗancan ƙananan halittu, ana auna rijiyoyin gwaji a kai a kai. Wannan hanya ce da masana suka amince da ita, amma da sharaɗin awon. In babu awo, sunanta watsi.

A duk tsawon wannan lokaci, maƙwabta suna bukatar ruwan sha daga wani wuri, kuma wani ne zai biya.

Wa zai biya?

A takarda, amsar a fili take. Dokar da ta kafa hukumar NOSDRA a 2006 ta wajabta wa duk wanda mai ya malala daga wurinsa ya kai rahoto cikin awa 24, in ya ƙi a ci shi tarar naira 500,000 a kowace ranar da ya yi jinkiri, da kuma naira miliyan 1 idan ya ƙi gyara wurin. Ƙa'idojin muhalli na masana'antar mai, waɗanda tsohuwar hukumar DPR ta fara fitarwa a 1991 ta sabunta a 2002, sun sa iyakar da dole a shiga gyara a kan miligiram 5,000 na mai a kowane kilon ƙasa, da maikrogiram 600 a kowace litar ruwan ƙasa. Tun daga 2021, lokacin da Dokar Masana'antar Man Fetur ta rushe DPR, lasisin gidajen mai ya koma hannun hukumar NMDPRA. Ban da hukuma akwai kotu. Tun a 1975, a shari'ar Umudje da kamfanin Shell-BP, Kotun Ƙoli ta yi aiki da tsohuwar ƙa'idar nan ta Ingila da ta ce wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa, ya tsere ya yi wa maƙwabci ɓarna, to alhakin yana kansa ko da bai yi sakaci ba.

A aikace kuwa, yawancin gidajen man garuruwa irin Jalingo na dillalai ne masu zaman kansu, mutum ɗaya da gida ɗaya ko biyu, wanda ribarsa 'yan nairori ce a kan lita. Ranar da aka ce ya biya kuɗin tace ruwan unguwa na shekara biyar, zai rufe ƙofa ne kawai ya tafi. Amurkawa sun hango haka. A 1986 suka kafa asusu na musamman da ake tarawa daga harajin kashi ɗaya cikin goma na senti a kan kowane galan, domin wuraren da mai su ya ɓace ko ya gaza, suka kuma tilasta wa kowane dillali ya nuna inshora ko lamuni na dala miliyan 1. Sashe na 103 na dokarmu ta 2021 ya tanadi asusun gyaran muhalli da masu lasisi za su riƙa zuba wa kuɗi. A ganin wannan marubuci, ƙungiyar dillalai ta IPMAN ce ta fi kowa cancantar matsa wa hukuma lamba a fayyace yadda ƙaramin gidan mai zai ci gajiyar irin wannan asusu, domin 'ya'yanta ne za su fara karyewa. Kwabo kaɗan a kan lita daga kowa ya fi sauƙi bisa ga miliyoyi daga mutum ɗaya.

Janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu na 2023 ya ƙara wa maganar nauyi ta fuska biyu. Farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin 500 cikin 'yan kwanaki, jarin sayen tanka guda ya fi ƙarfin ƙananan dillalai da yawa, wasu suka dakata. Gidan man da aka rufe kuwa ba a cika kwashe tankinsa ba. Yana nan da ragowar mai da ruwa a gindi, babu mai auna shi. Ta ɗaya fuskar kuma, irin waɗannan gidaje su ne ake sa wa a kasuwa da araha. Mai saye ya sani cewa takardar mallakar fili ba ta faɗin abin da ke ƙarƙashi, kuma ranar da rijiyar maƙwabci ta yi wari, ƙofar wanda yake riƙe da wurin za a ƙwanƙwasa. Haka shi ma manajan bankin da ya karɓi gidan mai jingina: yana iya wayar gari da kadarar da kuɗin gyaranta ya fi kuɗin sayar da ita.

Kariyar ba ta da tsada idan aka gwada da wannan. Sandar awo da littafi su ne farko: a auna kowane tanki safe da yamma, a kwatanta da mitar famfo da abin da tanka ta sauke. Bambancin zafi yakan yi sama yau ya yi ƙasa gobe, amma idan giɓin kullum ɓangare ɗaya yake karkata har wata ya cika, to ba zafi ba ne. A riƙa shafa wa ƙarshen sandar man gano ruwa, domin ramin da mai yake fita ta nan ruwa yake shiga da damina. Direbobin da suka fara ƙorafin an sayar musu da mai da ruwa, sau da yawa labarin tankin suke bayarwa. Mai sabon gini kuwa ya sayi tanki mai bango biyu ko na faiba da tsatsa ba ta ci, ya ɗaure shi da kankare, ya bar 'yar rijiyar gwaji a kusurwar ramin. Wanda zai sayi tsohon gida ya sa gwajin matsin tanki da na bututu cikin sharuɗɗan ciniki, ya kuma ɗebi ruwan rijiyoyin da ke gangaren wurin sau biyu, ɗaya a watan Maris lokacin da ruwa ya ja baya, ɗaya a watan Satumba lokacin da ya cika, kafin ya biya kason ƙarshe na kuɗin.